Zauren Makaɗa: Tambayoyin 'Yan Ƙungiyar Wasa da Mawaƙa Masu Tasowa

Yawancin wasiƙun wannan karon daga 'yan ƙungiyoyin wasa na unguwanni da ƙananan garuruwa suka fito, sai kuma matasan da ke son waƙa ta zame musu sana'a. Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 23 ne a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da kiɗa, kuma mun daɗe muna bita a filin wata firamare. An ce mana ba za mu sami tallafi ko gayyatar hukuma ba sai mun yi rajista. Ta ina za mu fara? *Sakataren ƙungiya, Malumfashi*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin ku taka ofishin kowa, ku zauna ku rubuta tsarin mulkin ƙungiya. Shafi uku ko huɗu ya isa, amma dole ya amsa waɗannan: wane ne mamba kuma yaya ake shiga, nawa ake biya a wata, wa'adin shugabanni shekara nawa ne, wa ke riƙe da kayan kiɗa da tufafin wasa, kuma idan mutum ya fita me yake tafiya da shi. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, kuma shi ne yake kai mutane gaban mai unguwa. Wanda ya kawo gangarsa daga gida a rubuta cewa aro ce. Wadda aka saya da kuɗin karo-karo a rubuta cewa ta ƙungiya ce, ko da a ɗakin shugaba take kwana.

Daga nan sai matakin kusa. Ku kai takardar gabatar da kai ga hakimi ko dagaci, sannan ku yi rajista a sashen da ke kula da matasa da ƙungiyoyi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Bayan haka ku kai sunanku hukumar raya al'adu ta jiharku, domin ta hannun irin waɗannan hukumomi ake zaɓen masu wakiltar jiha a bikin al'adu na ƙasa, wato NAFEST, kuma su ake tambaya idan ana neman masu wasa a taron gwamnati. Ga ƙungiyar da ba ta wuce wasan sallah da na makarantu ba, wannan ya wadatar.

Rajistar CAC, hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, sai kun fara neman tallafin ƙungiyoyin agaji ko kuna son asusun banki da sunan ƙungiya. Hanya biyu ce, kuma a nan ake yawan kuskure. Ta farko ita ce rajistar amintattu, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada wa ƙungiyoyin al'adu, addini da taimakon jama'a. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki, da rahoton taron da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Sharaɗinta shi ne ba a raba wa mambobi riba; abin da ya halatta shi ne a biya mutum ladan aikin da ya yi. Ta biyu ita ce rajistar sunan kasuwanci, mai sauƙi da araha, wadda ta dace da rukunin makaɗan da ke zuwa biki su dawo su raba. Idan neman abinci ne ya haɗa ku, ku ɗauki ta biyu. Idan wayar da kan jama'a da koyar da yara ne, ku ɗauki ta farko. Kowacce kuka ɗauka akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar, kuma tara tana taruwa a kan wanda ya yi watsi da shi.

Asusun banki kuwa, ku sa hannun mutum biyu cikin uku kafin a fitar da kuɗi, kuma kada saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum ɗaya.

Kada ku raina abin da kuke yi a filin firamare. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano wasan daɓe da na talabijin take yi kafin ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo.

Tambaya: Mu goma ne muke zuwa kiɗan biki. Duk dawowa sai an yi ɓacin rai a kan rabo, har babban makaɗinmu ya yi fushi ya daina zuwa. Yaya ake raba kuɗin wasa? *Wani ɗan amshi, Talatar Mafara*

Amsa: Ɗan'uwa, a tsarin gargajiya uban kiɗi ne yake raba wa yaransa yadda ya ga dama, kuma ba a yi masa musu, saboda shi yake ciyar da su, ya yi musu aure, ya ɗinka musu kayan sallah. Yanzu an bar ɗawainiyar amma an riƙe ikon rabon, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa. Tunda kowa da gidansa yake, ku koma rabo da kaso, a kuma yanke kason tun ba a ga kuɗi ba.

Ga misali, adadin namu ne don a gane lissafi. A ce an yi jinga da ku a kan naira 300,000, aka kuma sami kyautar fili ta naira 120,000. Jimla 420,000. Da farko a cire abin da aka kashe: mota 60,000, hayar kayan sauti da man janareto 70,000, abinci 20,000. Saura 270,000. A cire kashi 10 cikin 100, wato 27,000, a zuba a asusun ƙungiya don gyaran kaya da taimakon wanda ya kwanta ciwo. Saura 243,000. Sai a ba jagoran waƙa kaso 3, babban makaɗi kaso 2, sauran makaɗa biyu kaso ɗaya da rabi kowanne, 'yan amshi huɗu kaso ɗai-ɗai, sanƙira kaso 1, yaron da ke ɗaukar kaya rabin kaso. Kaso 13 da rabi ke nan, kowane kaso ya kama 18,000. Jagora ya tashi da 54,000, babban makaɗi 36,000, makaɗan nan 27,000 kowanne, 'yan amshi da sanƙira 18,000 kowanne, yaron kaya 9,000. Kuna iya sauya yawan kason yadda ya dace da ku. Abin da ba a sauyawa shi ne jerin: kashewa, asusu, sannan rabo.

Inda aka fi samun zargi shi ne kuɗin da ake bayarwa a fili. Wata ta zo ta manna wa mai kalangu a goshi, shin nasa ne ko na kowa? Ra'ayinmu shi ne na kowa ne, domin da 'yan amshi sun yi shiru da ba ta taso ba. Mutum ɗaya ne zai tattara, a jaka ɗaya, a ƙirga a gaban mutum biyu kafin a shiga mota. Kyautar da aka ambaci sunan mai ita, kamar babbar riga ko waya ko babur, tasa ce, amma ku amince tun yanzu ko zai ɗan fitar da wani abu ga sauran. A nan kuma akwai gargaɗi: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kanta. Ku ajiye faranti ko ƙwarya a gaban jagora, ku kuma rubuta lambar asusun ƙungiya a kwali don masu turawa ta waya. Lambar ƙungiya muka ce, domin idan ta jagora ce, rabin kuɗin daren ba zai taɓa shiga lissafi ba.

Jinga kuwa, ku karɓi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, a rubuta rana da wuri da lokacin farawa da tashi, da wanda zai kawo janareto, da abin da zai faru idan aka ɗaga biki. Saƙon waya ma ya isa shaida, muddin mai bikin ya amsa da kansa.

Babban makaɗin naku ku je har gida ku ba shi haƙuri. Ɗan amshi ana koya masa cikin wata biyu, amma hannun da ya san inda jagora zai ja numfashi sai an shekara ana tare.

Tambaya: Shekarata 24, ina yi wa wani mawaƙi amshi, kuma ina da waƙoƙina da na rubuta. Ina so in tsaya da ƙafata amma ina tsoron a ce na yi butulci. Kuma ban taɓa shiga situdiyo da sunana ba. *Matashi daga Haɗeja*

Amsa: Amshi makaranta ce, ba abin kunya ba. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa rukunin. Butulci yana shigowa ne ta hanya uku: ka tafi ba sallama, ka janye masa makaɗa, ko ka bi bayansa wurin iyayen gidansa kana karya farashi. Ka guje wa waɗannan. Ka sami wani dattijo da maigidan naka yake jin nauyinsa, ku je tare, ka nemi ya sa maka albarka, ka kuma ba shi wa'adin wata biyu ko uku ya sami madadinka. Mawaƙa da yawa idan aka bi da su ta haka su da kansu suke tura wa yaron ƙananan bukukuwan da ba za su iya zuwa ba.

Kafin nan ka gwada kanka. Ka roƙi a riƙa ba ka buɗe fili, waƙa ɗaya ko biyu kafin maigida ya fito. A nan za ka gane wace waƙarka ce take tsayar da masu wucewa, wacce ce kuma kai kaɗai take burgewa. Kada ka kai situdiyo waƙar da ba ka taɓa rera ta a gaban mutane ba. Kuma ka tanadi abin da zai riƙe fili na aƙalla awa ɗaya: waƙar amarya da ango, ta iyaye, ta sana'a, da wadda za ka iya cusa sunayen mutane a cikinta nan take ba tare da kari ya karye ba. Wannan ƙwarewar ta saka suna ita ce take kawo kuɗi a fili, kuma ba a koyon ta a gaban kwamfuta.

Ranar situdiyo ka je da waƙa a haddace, amshi a tsare, ka riga ka ɗauke ta a waya kana tafa ma'aunin da kake so. Abu na farko da za ka tsaya a kai shi ne tsayin murya. Mai fiyano yakan ɗora kiɗa a inda hannunsa ya saba, kai kuma ka yi ta ƙoƙarin kamowa, sai a ji kana maƙurewa a sama ko kana nutsewa a ƙasa. Ka rera baitin da ya fi tashi tukuna, a saita kiɗan a kansa. Na biyu, kada ka bari a cika gyaran murya na na'ura. Hausa harshe ne mai karin sauti, idan aka matse muryar da yawa hawa da saukar kalma yakan lalace, kuma ranar da aka gayyace ka biki za a ji bambanci. Na uku, ku yi magana a kan kuɗi kafin a kunna komai: nawa ne kiɗa, nawa ne ɗaukar murya da tacewa, sau nawa za a yi maka gyara kyauta, kuma mai yi maka amshi biyan sallama za a yi mata ko tana da kaso.

In an gama, kada ka karɓi waƙar ta WhatsApp kawai, domin yakan matse sauti. Ka zo da filashi a zuba maka ita a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, da kiɗan zalla ba murya, wanda za ka riƙa hawa a wurin biki, da kuma kowane layi daban, wato murya daban, amshi daban, ganga daban. Kwamfutocin situdiyo suna mutuwa, masu situdiyo suna tashi, kuma wanda ba shi da waɗannan sai ya sake biya daga farko.

Idan a Kano za ka yi aikin ko ka fitar da shi, ka sani Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar tana yi wa mawaƙa rajista kuma tana duba ayyukansu, don haka ka fara zuwa can. Wata shawara da ba ka tambaya ba: kada ka saki sana'ar hannunka tukuna. Kasuwar biki tana da lokaci, takan buɗe bayan kaka da gabanin azumi da bayan sallah, ta kuma yi sanyi da damina da cikin Ramadan. Waƙar siyasa tana kawo kuɗi da sauri, amma wanda ya fara da ita tun ba a san shi da komai ba yakan wayi gari rabin garin sun daina gayyatarsa.

Tambaya: Wani attajiri ya biya na yi masa waƙa. Yanzu na sa ta a intanet, yaransa sun ce in sauke, wai tasa ce. Mai situdiyo shi ma ya ce kiɗan nasa ne. To ni me na mallaka? *Mawaƙi daga Zariya*

Amsa: Malam, a kowace waƙa da aka ɗauka akwai dukiya biyu. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Akwai kuma ɗaukar, wato wannan sautin da aka naɗa a rana kaza. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa ta wanda ya ƙirƙire ta ce tun daga lokacin da aka rubuta ko aka naɗe ta, ba sai an yi rajista ba, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Saboda haka biyan da attajirin ya yi bai mayar da baitocinka nasa ba, in dai ba ka sa hannu a takardar sayarwa ba. Sai dai ka duba abin da ke cikin waƙar. Idan ka ambaci matansa da 'ya'yansa da harkokin gidansa, yana da hujjar ƙin a baza su a duniya, kuma mawaƙin da ya ɓata da mai kyauta a kan waƙa ɗaya ya yi asarar goma. Ka je ku daidaita, ko ka sake ɗaukar ta ka cire sunayen.

Mai situdiyo kuwa maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Idan shi ya ƙirƙiri kiɗan, ba kai ka zo da shi a baki ya buga ba, yana da hannu a cikin aikin. Maganin wannan takarda ce mai shafi ɗaya da ake cikewa ranar ɗauka: sunan waƙa, kwanan wata, wanda ya rubuta, wanda ya yi kiɗa, kason kowa cikin 100, ko kuma a rubuta ƙarara cewa an biya shi ya sallama. Kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya. Tunda ba ku yi ba, ku yi yanzu, kafin waƙar ta fara kawo wani abu. Bayan ta kawo farashin sa hannun zai tashi.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar ayyuka ta intanet, kuma takardarta tana da amfani a matsayin shaida. Kuɗin da ake karɓa daga gidajen rediyo da otal-otal kuwa ta hannun ƙungiyar tattara haƙƙi yake bi, irin su MCSN, kuma sai mamba ake ba.

Masu ɗaukar waƙoƙin magabata su sabunta su ma su kula. Kariyar waƙa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, don haka waƙoƙinsu suna da magada, kuma izininsu ake nema.

Tambaya: Kalanguna yana mutuwa da damina, da hunturu kuma fata ta yi ta fashewa. *Makaɗi daga Gumel*

Amsa: Fata tana shan laima ta saki, tana bushewa ta ɗaure. Da damina ka shanya shi a hantsi na 'yan mintuna kafin wasa, in da dare ne ka kara shi nesa kaɗan da garwashi kana jujjuyawa kana ɗan bugawa har muryar ta dawo. Kada ka ɗora shi a kan harshen wuta. Gefe ɗaya zai ƙone ya yi rauni, a nan zai yage. Da hunturu ka shafa wa tsarkiya man shanu ko man kaɗe kaɗan don kada ta karye, amma kada mai ya taɓa fuskar da ake bugawa, yana kashe sauti. Idan ka gama wasa ka sassauta ɗaurin, ka sa shi a jakar yadi ka rataye. Daɓen siminti yana ba shi sanyi, but ɗin mota da rana yana gasa shi, ɓera kuma yana son fata. Ka duba bakin sandar kiɗan ma, in ya yi kaifi ko ya tsage shi ne yake huda fatar. Kuma kada ka tafi wasan kwana ba tare da fata ɗaya da aka riga aka ɗaure a kambu ba.

Tambaya: Barkanku da aiki. Mu mata ne takwas masu kiɗan ƙwarya. Suna da biki kawai muke zuwa a cikin unguwa. Yaya za mu yi a san mu a waje? *Shugabar ƙungiya, Maraɗi*

Amsa: Barka kadai, Hajiya. A Nijar aikin ƙungiyoyin wasa yana da tushe mai ƙarfi tun zamanin samariya a mulkin Seyni Kountché, lokacin da kowace jiha take tura 'yan wasanta bikin matasa na ƙasa. Ƙofofin da aka bari har yanzu suna nan. Ku fara da gidan matasa da al'adu na garinku da ma'aikatar magajin gari, ku ba da sunan ƙungiya da lambar da za a same ku, domin su ake tambaya idan baƙi sun zo ko za a yi gangamin rigakafi da na karatun 'ya'ya mata. Masu irin wannan gangami suna neman waƙar da mata za su saurara, kuma ku kuka fi kowa iya ta. Ku tsara waƙa biyu ko uku a kan irin waɗannan batutuwa, kowacce kada ta wuce minti huɗu, ku kai gidajen rediyon gari. Waƙoƙin da kuka ƙirƙira da kanku ku kai su ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA.

Wurin ɗauka ku kula da abu ɗaya. Ƙwaryar da aka kife a kan ruwa tana da murya mai zurfi, waɗanda aka kife a kan zane ko matashi kuma suna da kaifi, kuma idan makirufo ɗaya aka ajiye a tsakiya ƙarar sanduna takan danne zabiya. A ba zabiya nata makirufo, 'yan amshi su raba ɗaya, ƙore su sami nasu a ɗan nesa. Ku nemi a bar kiɗan ƙwaryar yadda yake, kada a maye shi da na fiyano. Shi ne abin da ya bambanta ku da kowa, kuma da shi Barmani Choge ta Funtuwa ta zaga ƙasar Hausa har rasuwarta a 2013. Yarjejeniya da mazajenku kan tafiya da lokacin dawowa ku gama ta tun kafin gayyatar nesa ta zo, domin ƙungiyar da ta karɓi kafin alƙalami ta zo da rabin mutanenta ba a sake kiran ta.

Tambaya: Duk wasan da muka yi a fili sai lasifika ta yi ta kuka, sau biyu kuma amfilifaya tana ƙonewa. Laifin kayan ne ko namu? *Mai kula da kayan sauti na wata ƙungiya, Bauchi*

Amsa: Galibi na jeri ne. Kukan yana tasowa ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata. Ku sa lasifikokin a gaban layin mawaƙa suna fuskantar jama'a, a ɗage su sama da kan mutane, kada kowa ya shiga gabansu da makirufo. Mawaƙi ya riƙe makirufo kamar yatsu biyu daga baki, kuma kada ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu yadda matasa suke yi. Rufe ramukan bayan ne yake jawo kukan. Duk makirufon da ba a amfani da shi a rage shi. Ku rage amsa-kuwwa, ita ma tana ƙara shi.

Ƙonewar amfilifaya kuwa ku duba yawan lasifikar da kuke jonawa. Lasifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar lasifika ga wuta) idan aka haɗa su a layi ɗaya gefe da gefe sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure ƙasa da 4 a kowane gefe. Abin da take ɗauka a rubuce yake a bayanta. Jan fitilar da ke nuna sauti ya yi yawa in tana kamawa a kai a kai, a rage, domin ita ce take cinye ƙananan lasifikokin sama. Sai janareto: kada nauyin da ke kansa ya wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, kada a haɗa shi da firiza ko injin ruwa na gidan biki, a sa sitabilaiza a tsakani, a ajiye shi kamar mita 20 daga fili da waya mai kauri. Wurin kunnawa janareto ya fara daidaita, sai miksa, amfilifaya a ƙarshe. Wurin kashewa amfilifaya ce farko. A cika tanki kafin a fara, domin shaƙewar da janareto yake yi in mai ya kusa ƙarewa tana wasa da wuta.

Tambaya: Waƙata ta zaga wayoyin mutane a garinmu, masu turi a kasuwa suna ta sayar da ita, amma ko sisi ban samu ba. An ce YouTube na biya. Gaskiya ne? *Mawaƙi daga Kwantagora*

Amsa: Yana biya, amma da sharaɗi. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara masu bi 1,000 da kallo na awa 4,000 cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Spotify da Boomplay ana shiga su ne ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, kuma a Spotify waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba ta samun komai. Abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Turai ko Amurka ba, don haka kada ka yi lissafi da abin da ka ji wani ya samu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mawaƙi ya bar wani ya buɗe masa tasha da imel ɗinsa da lambarsa. Ranar da kuka ɓata, tashar tasa ce. Ka buɗe da naka, ka sa tabbatarwa mai mataki biyu, mai taimaka maka ka ba shi izinin gudanarwa kawai. Ka kuma riga kowa ɗora waƙarka, domin in wani ya riga ka kai ta wurin kamfanin rarrabawa, kai mai ita za a iya turo wa gargaɗi, sai ka kawo shaidar situdiyo kafin a warware.

Masu turi kuwa, bin su shago-shago ba zai biya kuɗin mota ba. Ka mayar da su masu yi maka talla: a farkon waƙa da ƙarshenta ka ambaci sunanka da garinku a cikin kiɗan yadda ba za a iya yankewa ba, sunan fayil ɗin ya ɗauki sunanka da lambar da ake kiran ka don biki, kuma sabuwar waƙa ka fara sa ta a tasharka da kwana biyu ko uku kafin ka kai musu da hannunka.